Jirgin Ruwa Mai Tashi: Tarihin Haɗurransa da Darasin da Ya Bar Wa Ƙasar Kano

Gabatarwa

Kalmar jirgi ta girmi inji a bakin Bahaushe. Tun kafin a ga ƙarfe yana gudu a kan dogo, jirgi shi ne itacen da aka fafe, wanda masu fito ke haye kogi da shi, irin wanda har yau ake gani a Kogin Wudil ɗauke da masunta da masu ɗibar yashi. Da dogo ya iso Kano a 1911, sai aka ari sunan aka ce jirgin ƙasa. Da wani abu mai ƙugi ya keto sararin samaniya ya sauka a birnin a 1925, aka sake aron sunan aka ce jirgin sama. An kuwa yi wani zamani, daga wajen 1920 zuwa 1950, da jirgin sama da jirgin ruwa suka zama abu guda: cikinsa cikin kwale-kwale, bayansa fukafukai, daga ruwa yake tashi, kan ruwa yake sauka. A wannan maƙala za a kira shi jirgin ruwa mai tashi. Akwai kuma ƙanensa da aka ƙara wa tayoyi masu naɗewa domin ya iya sauka a tudu ko a ruwa, kamar kwaɗo, wanda za a kira mai gida biyu.

Manufar maƙalar ita ce bin tarihin haɗurran waɗannan jirage da abin da binciken masana ya gano game da musabbabinsu, sannan a auna shi da haɗurran da suka faɗa wa mutanen Kano da maƙwabtansu.

Dalilin Ƙera Shi da Yadda Ya Shafi Kano

A farkon zamanin jiragen sama, filin sauka mai kwalta abu ne mai tsada, ba kuma ko'ina ake samunsa ba. Ruwa kuwa fili ne da Allah ya shimfiɗa, ba ya buƙatar kwalta. Wannan ne ya sa kamfanin Imperial Airways na Ingila ya yi odar manyan jiragen ruwa masu tashi guda 28 daga kamfanin Short a 1935, tun suna zane a takarda. Na farkonsu ya tashi a 1936, kuma a 1937 suka fara zirga-zirga daga Southampton zuwa Durban ta Afirka ta Kudu. Sukan yada zango a Iskandariyya da Alƙahira, su bi Kogin Nilu zuwa Kartum, su sauka a Tafkin Victoria, sannan su bi gaɓar tekun gabashin Afirka.

Ƙasar Kano ba ta da irin wannan ruwa. Kogin Kano da na Challawa, waɗanda suke haɗuwa su ratsa ta Wudil su nufi Haɗeja, koguna ne na damina. Kafin a gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, sukan cika su yi ambaliya da damina, da rani kuwa su janye su bar yashi. Saboda haka rabon Kano ya zama jirage masu taya. Ranar 1 ga Nuwamba, 1925, a zamanin Sarkin Kano Usman, jirage uku na sojan saman Ingila suka iso daga Masar ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. A 1936 kuma aka buɗe zirga-zirgar mako-mako tsakanin Kartum da Kano, daga baya aka miƙa ta zuwa Legas. Ke nan wasiƙar da ɗan kasuwa ya jefa a gidan waya na Kano a 1938 zuwa Ingila takan hau jirgi mai taya zuwa Kartum, daga can ta shiga cikin jirgin ruwa mai tashi a kan Nilu.

Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara kusanto da su. Da aka toshe hanyar Bahar Rum a 1940, sai jiragen suka koma bin gaɓar yammacin Afirka. A watan Agusta na shekarar, wani mai suna Clyde ya taso daga Ingila ya bi ta Lisbon da Bathurst, wato Banjul ta yau, da Freetown, ya sauka a ruwan Legas. A daidai lokacin ne kuma aka fara harhaɗa jiragen yaƙi a Takoradi ana tuƙo su ta Legas da Kano da Maiduguri zuwa Kartum da Alƙahira, abin da ya sa aka faɗaɗa filin jirgin Kano. Wannan faɗaɗa filaye da yaƙi ya jawo a ko'ina cikin duniya shi ne ya ci kasuwar jirgin ruwa mai tashi, domin da aka samu dogayen titunan sauka, sai buƙatarsa ta kau.

Haɗurran Zamanin Ganiyarsa

Masu ƙera jirgin sun ɗauka cewa jirgin da zai iya sauka kan ruwa ya fi aminci a kan teku, tunda ko inji ya mutu, ga wurin sauka ko'ina. Tarihi ya nuna cewa lissafin bai cika ba. Ruwa yana da laushi ga mai iyo, amma ga abin da ya zo masa da gudun da ya wuce kilomita 100 a sa'a, tauri gare shi kamar daɓe. In ya kwanta luf kamar madubi, matuƙi ba ya iya gane nisan da ke tsakaninsa da shi. In ya yi igiya, yakan fasa cikin jirgin. A ƙarƙashinsa kuma akwai dutse da tsibirin yashi da gungumen itace, a kan Nilu har da dorina, shi ya sa ƙananan jiragen ruwa masu inji sukan share wurin sauka kafin babban ya iso.

Daren 31 ga Disamba, 1935, jirgin da ake kira City of Khartoum yana dab da sauka a Iskandariyya, ana hango fitilun gari, sai injinansa uku suka mutu lokaci guda. Mai ne ya ƙare. Ya faɗa teku, mutum 12 suka halaka, matuƙin kaɗai ya tsira bayan ya shafe sa'o'i yana iyo. Ranar 21 ga Janairu, 1939, Cavalier yana tsakanin New York da tsibirin Bermuda, ƙanƙara ta toshe mashigar iska da mai ta injinansa. Matuƙin ya saukar da shi kan teku, igiyar ruwa ta fasa cikinsa, ya nutse. Mutum 3 cikin 13 suka rasu, sauran kuwa wani jirgin dakon mai ya tsamo su bayan kimanin sa'a 10 a cikin ruwa.

Labarin Corsair ya fi kowanne nuna halin ruwan Afirka. A watan Maris na 1939 ya taso daga yankin Tafkin Victoria ya nufi Juba. Na'urar da ke nuna masa alƙibla ta ɓatar da shi, ya yi ta yawo cikin gajimare har mai ya kusa ƙarewa. Matuƙinsa, Kyaftin Alcock, ya hango wani ƙaramin kogi, Dungu, kusa da Faradje a ƙasar Kwango, ya sauka lafiya, amma wani dutse da ke ɓoye cikin ruwa ya farke cikin jirgin. Ba a rasa rai ba. Makanikai suka zo daga nesa, aka ɗibi ɗimbin mutanen yankin aiki, aka yi watanni ana faci. Da aka gwada tayar da shi a watan Yuli, ya sake karo da dutse. Sai da aka datse kogin ruwa ya taru, sannan Kyaftin Kelly Rogers ya fitar da shi a watan Janairu na 1940. Wata 10 ke nan jirgi yana kwance a daji saboda na'ura guda da dutse guda.

Hanyar Legas ma ta ci nata rabon. Clyde, wanda ya buɗe ta, guguwa ce ta nutsar da shi a watan Fabrairu na 1941 yana ɗaure a Kogin Tagus na Lisbon. Ranar 14 ga Satumba, 1942, ɗan'uwansa Clare ya tashi daga Bathurst ya nufi Lisbon. Ya aiko da saƙo cewa inji ɗaya ya samu matsala, daga baya ya aiko da na gobara, daga nan ba a sake jin duriyarsa ba. Babu wanda ya tsira cikin mutum 19 da ke ciki. Ranar 22 ga Fabrairu, 1943, babban jirgin Amurka mai suna Yankee Clipper yana karkata domin ya sauka a Tagus da almuru, sai bakin fiffikensa na hagu ya taɓa ruwa. Jirgin ya wuntsila ya tarwatse, mutum 24 cikin 39 suka mutu.

Kamfanin BOAC, magajin Imperial Airways, ya daina aiki da irin waɗannan jirage a 1950. Wani ƙaramin kamfani, Aquila Airways, ya ci gaba da su, har ranar 15 ga Nuwamba, 1957, da injina biyu na gefe guda suka tsaya wa jirginsa jim kaɗan bayan tashi daga Southampton. Ya faɗi a tsibirin Wight, mutum 45 cikin 58 suka rasa rayukansu. Shekara guda bayan haka kamfanin ya rufe.

Masu Gida Biyu da Cutar Tsufa

Manyan sun ƙare, amma masu gida biyu sun yi tsawon rai: Catalina na zamanin yaƙi, da Goose da Mallard na kamfanin Grumman. Wasu suna jigilar fasinja tsakanin tsibirai, wasu suna kashe gobarar daji, wasu kuma masu sha'awar kayan tarihi ne suke riƙe da su. Sun gaji duk matsalolin magabatansu, suka ƙara da nasu. Tayar da ke ba su damar sauka a tudu ita ce ajalinsu in aka mance ba a naɗe ta ba aka sauka kan ruwa, domin takan harɗe jirgin ya kife. Ramin da tayar ke shiga yana da murfi, murfin kuwa shi ne tsakanin fasinja da teku. Gishirin teku yana cin ƙarfe ta ciki, inda ido ba ya kaiwa.

Ranar 27 ga Yuli, 1998, wani Catalina da aka ƙera lokacin yaƙi ya ɗauki baƙi mutum 18, har da ma'aikatansa, domin shawagi a Southampton. Yana taɓa ruwa da gudu, murfin tayar gaba ya ɓalle, ruwa ya afko, jirgin ya juya ya fara nutsewa. Mutum 2 suka rasu, ɗayansu magajin garin. Masu bincike sun gano cewa bututun ƙarfen da ke riƙe da murfin ya rube da tsatsa daga cikinsa, alhali daga waje ba a ganin komai.

Wanda ya fi tayar da hankali shi ne na ranar 19 ga Disamba, 2005. Wani Mallard na kamfanin Chalk's Ocean Airways, ƙirar 1947, ya tashi daga ruwan Miami zuwa tsibirin Bimini. Mutanen da ke bakin teku suna kallo fiffiken dama ya rabu da gangar jirgin, wuta ta kama, ya faɗo. Mutum 20 ne a ciki, har da jarirai uku, babu wanda ya fita. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka ta danganta abin da gajiyar ƙarfe. Duk wanda ya taɓa lanƙwasa waya gaba da baya har ta karye ya san wannan cuta: kowane tashi da kowace sauka suna lanƙwasa fiffike kaɗan, har tsaga mai siririn gashi ta fito, ta yi ta girma. Jirgin kuwa ya daɗe yana ba da alama. Mai yana ta yoyo daga wannan fiffiken, ana liƙe wurin da danko. Fatar ƙarfen ta tsage, aka ɗora mata faci, ba a leƙa ƙashin da ke ƙarƙashinta ba. Hukumar ta ɗora laifin a kan tsarin gyaran kamfanin, da kuma hukumar kula da jiragen sama da ta kasa gano gazawarsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, wannan bangon kuwa ya yi shekaru a tsage.

Wani lokaci kuma jirgin lafiyarsa lau, hannun da ke tuƙi ne ya kuskure. Ranar 26 ga Janairu, 2017, a wani bikin nuna jirage a birnin Perth na Ostireliya, matuƙin wani Mallard ya karkata shi ƙwarai yana ƙasa-ƙasa ba tare da isasshen gudu ba. Fukafukan suka daina ɗaukarsa, ya faɗa Kogin Swan a gaban dubban 'yan kallo, shi da fasinjarsa suka mutu.

Abin da Ya Faru a Gida

Mai karatu zai iya cewa waɗannan duk labaran nesa ne. To, in aka jera musabbabansu, wato yanayi, da kuskuren lissafi, da tsufan ƙarfe, da gyaran da aka ɗage, za a ga su ne dai suka biyo jirage masu taya har ƙofar gidanmu.

Da yammacin 24 ga Yuni, 1956, jirgin BOAC ƙirar Argonaut, wanda ya taso daga Legas za shi Landan, ya tashi daga Kano ana tsakiyar haɗa hadari. Yana barin ƙasa sai iskar da ke bugun gabansa ta juya ta koma bayansa, gudunsa ya ragu, ya kasa hawa, ya bugi bishiya ya kama da wuta. Mutum 32 cikin 45 suka mutu. Sai bayan kimanin shekara 20 masana suka fahimci irin wannan iska sosai: dunƙulen iska ne mai sauko wa daga cikin hadari da ƙarfi, in ya bugi ƙasa ya watsu ko'ina. Manomin Wudil ya san ta, ita ce mai kwantar da dawa kafin ruwa ya sauko. A yau ana koya wa matuƙa su jira ta wuce, an kuma ƙera na'urorin da ke hango ta.

Ranar 22 ga Janairu, 1973, wani Boeing 707 na kamfanin Alia na ƙasar Jodan, wanda Nigeria Airways ya yi haya domin kwaso alhazai, ya taso daga Jidda za shi Legas. Rashin kyawun yanayi ya sa aka karkatar da shi zuwa Kano, inda ya tarar da hazo da iska. Ya sauka da ƙarfi, ƙafarsa ta karye, ya bar titi, wuta ta tashi. Cikin mutum 202, mutum 176 suka riga mu gidan gaskiya. A lokacin, duniya ba ta taɓa ganin haɗarin jirgin sama da ya ci rayuka haka ba.

Na 11 ga Yuli, 1991, ya fi kama da na Miami. Jirgi ƙirar DC-8 na wani kamfanin Kanada, Nationair, ya ɗauko alhazai daga Jidda zuwa Sakkwato da sunan Nigeria Airways. Binciken da aka yi ya nuna cewa an san iskar wasu tayoyinsa ba ta cika ba, amma aka ƙi jinkirta tafiya domin a cika. Tayoyin suka fashe a kan titi, suka kama wuta, aka naɗe su cikin jirgin da wutarsu. Duk mutum 261 da ke ciki suka rasu.

Ranar 4 ga Mayu, 2002, jirgin EAS Airlines ƙirar BAC 1-11 ya yunƙura zai tashi daga Kano zuwa Legas da tsakar rana. Ana gyaran babban titi, saboda haka ya bi gajeren. Cikin zafin bazara iska takan yi sako-sako, jirgi ya buƙaci doguwar tazara kafin ya ɗaga. Titi ya ƙare masa bai tashi ba, ya ci gaba da gudu a kan ƙasa, injinansa suka shaƙi ƙura. Ya ɗaga da ƙyar, ya faɗa kan gidajen unguwar Gwammaja. Sama da mutum 100 suka mutu, na cikin jirgi da na cikin gida, har da ministan wasanni Ishaya Mark Aku. Bayan haka gwamnati ta dakatar da irin wannan jirgi, ta kuma sa iyaka ga shekarun jiragen da za a shigo da su ƙasar.

Kammalawa

In haɗari ya auku a ƙasar nan, abin da ake fara ji shi ne tsautsayi ba a sa masa rana. Gaskiya ne, kuma karɓar ƙaddara ita ce ke sanyaya zuciyar wanda aka yi wa rashi. Sai dai ta'aziyya daban, bincike daban. Duk haɗarin da aka ambata a sama, an zauna an tono musabbabinsa, kuma a mafi yawansu an tarar da wani abu da yake hannun ɗan Adam: man da ba a auna daidai ba, na'urar da ba a gwada ba, tsatsar da ba a leƙa ba, tayar da ba a cika wa iska ba, hadarin da ba a jira ya wuce ba. Amincin da matafiyi ke samu a jirgin sama a yau an saye shi ne da waɗannan rayuka, domin bayan kowanne an rubuta rahoto, an sauya doka.

Wannan al'ada ta tono dalili ita ce ba ta sauko zuwa ga jirgi na asali ba tukuna. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, kwale-kwalen da ya taso daga ƙauyen Badau ya kife a madatsar Watari ta Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, mafi yawansu yara 'yan Islamiyya. An yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa. Jirgin da ke ɗaukar fasinja 20 a Miami yana da littafin da ake rubuta shekarunsa da gyare-gyarensa, shi ya sa aka iya gane wanda ya yi sakaci. Wanda ke ɗaukar mutum 40 a kogunanmu yana buƙatar irin wannan kulawa: a san shekarunsa, a san iyakar lodinsa, a duba cikinsa kafin damina, a tanadi rigar iyo ga kowane fasinja. Sarakunan ruwa da shugabannin masu fito, daga Wudil har Bagwai, sun san halin ruwansu fiye da kowane injiniya. Abin da ya rage shi ne hukuma ta zauna da su, a mayar da wannan sani doka rubutacciya, kuma duk ranar da jirgi ya kife, bayan an yi jana'iza, a zauna a tambayi dalili, a rubuta amsar inda na baya za su gani.